Loma da Hannun Dama

Ni dai ba don in iya ɗaura maɓallin riga na yarda aka jona min lantarki a ka ba. Ina ruwana da maɓalli, ai akwai riguna marasa shi. Abu ɗaya nake so, in sa hannun dama a faranti, in gutsuri sakwara, in mulmula, in dangwali miya, in kai baki a gaban mutane kamar kowa.

Sunana Kalilu. Buhunan wofi nake sayarwa a kasuwar Lafiya, na riɗi da na agushi da na shinkafa, shekara ashirin da shida a rumfa ɗaya. Mu biyar ne a layinmu muke ciyayya. Kullum in an sallame azahar, kowa ya fito da kular da aka aiko masa daga gida, a shimfiɗa buhu a gaban rumfar Kawu, shi ne babbanmu, a juye a babban faranti, a sa hannu. Tun da matata ta rasu ba ni da mai aiko min kula, sai in riƙo balangu ko lemo in ajiye a gefe, kuma ba wanda ya taɓa nuna min a fuska. Wurin zamana kusa da Rilwanu ne, mai igiya da basilla, wanda rumfarsa ke jikin tawa. Matarsa Zuwairatu ta iya sakwara da miyar agushi, wannan ko maƙiyinta zai faɗa. Shi kuwa Rilwanu shekara ashirin muna faɗa, a kan ƙwallo, a kan siyasa, a kan damin igiyar da yake turowa gaban rumfata. Ranar da bai zo kasuwa ba kuma sai in rasa abin da ke yi min daɗi.

Wata Talata muka ci sakwarar gidansa, muka yi musu mai zafi a kan damin igiyar nan, har na ce masa in ya sake zan sa mata ashana. Aka yi dariya, aka watse. Na koma rumfa, na miƙa hannu zan ɗauki buta, buta ta ƙi ɗaukuwa. Na buɗe baki zan kira Kawu, sai na ji wani abu yana fita da ba magana ba. Daga nan sai gadon asibiti. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, wai hawan jini na yi shekaru ina yawo da shi ban sani ba.

Ƙafa ta dawo cikin wata biyu, da ɗan ja. Baki ya dawo, duk unguwa sun shaida. Hannu ma yana ɗaguwa yana sauka, amma yatsun sun zama kamar na wani mutum dabam da aka ba ni ajiya. In ce su kama, su yi kamar ba da su ake ba. In sun ga dama sun kama, in ce su saki, su ƙi. Kai, na ga taurin kai a duniya, ban ga irin na yatsun nan ba.

Saboda haka na koma ci da hagu, da cokali, ƙofa a kulle. Limaminmu ya zo dubiya ya ce min larura ce, babu laifi a kaina. Na sani. Ni ma na yi karatun nan daidai gwargwado. Amma ai ba liman ne zai zura hagu a farantin mutum biyar ba. Hannun da aka san aikinsa, in ɗauko shi in cusa a miyar da Kawu zai ci? Haba. Ba za su ce komai ba, na san su, za su ci gaba da ci suna kallon wani wuri, wannan kawaicin kuwa shi ne ba zan iya ɗauka ba.

Sati na biyu da sallamo ni, Rilwanu ya zo gida da azahar, da kula a hannu. Ya ajiye ta tsakaninmu, ya ɗauko buta da kansa ya wanke hannu, ya buɗe. Ƙanshin miyar ya cika ɗakin, yawuna ya tsinke.

"Bismillah, Malam Kalilu. Zuwairatu ta ce a gaishe ka, ta rage gishiri saboda kai."

Na tura hannun a ƙarƙashin bargo. "Na ƙoshi."

"Ka ƙoshi da me? Ka ga wuyanka kuwa?"

"Na ce na ƙoshi."

Ya dube ni, ya rufe kular, muka ɗan taɓa hira, ya tafi da abarsa. Bayan kwana uku ya dawo da ita, na ce na ƙoshi. Ya sake dawowa ranar Juma'a, na ce cikina ne ba daɗi. A wannan karon ko hira bai tsaya yi ba. Daga ranar bai ƙara zuwa ba, ni kuma na ce a raina, to, dama zumuncin iyakarsa ke nan.

Ƙanwata Asama'u ce ke zuwa daga Adogi duk Asabar, ta yi min wanki, ta dafa abin da zai kai ni kwana biyu. Ita ma ba na ci a gabanta. Wata rana tana shanya ta ce, "Yaya, ni fa abin nan bai kwanta min ba. Mutum ya ci abincin wani, ya tashi, ya faɗi? Bayan kun yi faɗa?"

"Ke, rufe min baki! Hawan jini ne, likita ya auna a gabanki."

Ta ci gaba da shanyarta, na ɗauka maganar ta mutu a tsakar gidan.

Sauran kwanakin mako ni kaɗai ne. 'Yata tana aure a Jos, takan kira da safe, in ce mata lafiya lau. 'Yan haya su fita aiki, gida ya yi tsit. In an kira azahar sai in tuna yanzu ana shimfiɗa buhu, yanzu Kawu yana cewa wa ya ɓoye murfin kula. Ni kuma ga ni a gefen gado da cokali a hagu, shinkafa tana zubo min a riga. Kaɗaici ya ci ni a ɗakin nan, ba zan ɓoye ba. Har kuka na yi sau biyu, da gemuna.

Ina zuwa gashin ƙashi a asibiti duk Laraba. Mai yi min wata Bativiya ce, wato 'yar ƙabilar Tiv, sunanta Mimidoo, doguwa, ba ta da wasa a aiki amma bakinta ba ya hutawa. Hausarta irin ta Lafiya ce, mace da namiji duk "shi" ne. A wata na biyar ta ce min wani likita daga jami'a, Dakta Norbert, ya kawo na'ura suna bincike a kan masu irin ciwona, ko ina so a sa sunana.

Likitan ya zaunar da ni ya yi bayani, ita tana mayarwa da Hausa. Ba tiyata, ba allura. Wani ɗan lantarki ne kaɗan za a bi da shi ta fatar kai, minti ashirin, wai yana iya zaburar da wurin da ke juya yatsu a ƙwaƙwalwa, in ana motsa yatsun a lokacin. Sun ce ba su yi min alkawarin komai ba, shi ya sa ma ake binciken. Sannan suka faɗi abin da ya ba ni haushi: wai wasu za a ba su lantarkin gaske, wasu kuma na'urar za ta kunna na ɗan lokaci ta kashe kanta, kuma ni ba zan san ɓangaren da nake ba, ita ma Mimidoo ba za ta sani ba.

Na ce, "Wato in shigo keke napep daga Sabon Pegi kullum, a ɗaura min soso a ka, ƙila ma wasan yara ake yi da ni?"

"Baba, ko wane ne ka samu, aikin yatsa ɗin gaskiya ne," in ji ta.

Na yi tsaki, na dangwala babban yatsa a takardarsu, don sa hannu ya gagara.

Ranar farko ta ce, "Baba, cire hula." Ni da ko a gaban surukaina ban taɓa zama kai ba hula ba. Na cire. Ta auna kaina da tef kamar tela, ta ɗiga alama, ta jiƙa soso biyu a ruwan gishiri. Ɗaya ta ɗora a goshina ta dama, ɗayan kuma a saman kai ta hagu, ta ɗaure da roba. Wayoyi biyu suka tafi cikin wani akwati da bai fi rediyon hannu ba.

Na riƙe hannunta. "Tsaya, 'yata. Kin yi kuskure. Dama ne ya mutu, kin sa min a hagu."

"Ba kuskure, Baba. Hagu na kai shi ne yana riƙe dama na jiki."

"Wa ya ce?"

"Allah ne ya yi shi haka, ba ni ba."

Da ta kawo Allah sai na saki. Ta danna. Na ji kamar tururuwa na yawo a ƙarƙashin soson, da ɗan ƙaiƙayi, sannan ya lafa. Na ce lallai ni na bogin aka ba. Ta ce kowa haka yake ji, na gasken ma lafawa yake yi, in daina surutu in yi aiki. Ta turo min allo mai ramuka tara da 'yan turakun katako, in ɗauka ɗai-ɗai in cusa, in ciro. Na farko ya faɗi ƙasa. Na biyu ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin tebur. Ruwan gishiri yana gangaro min ta bayan kunne, ni ga gumi, ga haushi. Minti ashirin suka ƙare da turaku huɗu a rami.

Haka muka yi sati uku, Litinin zuwa Juma'a. In fito da ƙarfe takwas, in tare keke da hannun hagu, in zauna a bencin jira. Kowa da mai rako shi. Wani tsoho daga Agyaragu matarsa ke riƙe masa hula in an ɗaura masa soso, tana goge masa wuya da gefen mayafinta. Ni hulata a gwiwa nake ɗora ta, in ta zame in bar ta a ƙasa har a gama. Ban taɓa yi musu baƙin ciki ba, amma nakan kau da kai.

Bayan turaku sai wake, in tsinta daga wannan kwano zuwa wancan. Bayan wake sai maƙulli, in murɗa. Ranar ta shida na gaji na ture kwanon.

"Ni fa ba tsintar wake zan yi a kasuwa ba."

"To me kana so ka yi, Baba?"

Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Sai na ga ai ita ba 'yar layinmu ba ce, ba ta san Kawu ba, ba ta san Rilwanu ba. Na faɗa mata duka, da ciyayyar, da cokalin, da ƙofar da nake kullewa. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi min wa'azi ba. Ta ce, "No wahala." Washegari sai ga ta da ƙullin sakwara a leda, daga gidanta.

Tabɗi! Ashe loma aiki ce. Shekara hamsin da tara ina yi ban taɓa sanin yatsu nawa ke shiga ciki ba. Huɗu su yanko, babban yatsa ya turo, a juya a tafin hannu, a danna rami a tsakiya don miya, a ɗaga ba a matse ba, ba a kuma sake ba. Ni nawa ko su murƙushe ta ta fito ta tsakanin yatsu, ko su sake ta a hanya. Soso a ka, tururuwa na yawo, ni ina kokawa da doya, Mimidoo tana ƙirgawa tana cewa, "Sake. Sake. Kaɗan kaɗan, Baba, ba faɗa ne ba."

A sati na uku wani abu ya canza. Ba zan ce muku lantarkin ne ba, don har yau ban san ɓangaren da aka sa ni ba, Dakta Norbert ya ce sai an gama da kowa za a buɗe takarda. Ƙila na'urar ce, ƙila nacin ne, ƙila duka biyun. Abin da na sani shi ne ranar ƙarshe turaku tara sun shiga sun fita, kuma cikin loma goma, takwas sun kai bakina. Mimidoo ta tafa. Ni na ɗauki hulata da hannun dama na sa a ka, a karkace, na bar ta haka.

Na ƙara sati guda a gida ina gwadawa. Ranar Litinin na sa farar riga, da gangan, na shiga keke zuwa kasuwa, na daidaici azahar. Wata shida rabona da layin. Na sayi balangu a bakin hanya kamar yadda na saba. Zuciyata tana bugawa kamar zan je neman aure.

Ga buhu a shimfiɗe a gaban rumfar Kawu, ga faranti. Suka miƙe da salati da barka, aka rungume ni, aka matsa min wuri. Na zauna, na duba, mutum uku ne. Gefena babu kowa.

"Ina Rilwanu? Ko yau ma ya tafi kallon ƙwallo ne?"

Ba wanda ya yi dariya. Kawu ya dubi sauran, ya sunkuyo, ya rage murya.

"Ai mun raba shi da farantin nan tuntuni, Kalilu. Ba mu kore shi da baki ba. Hannu kawai muka daina sa wa a abincinsa, shi ya gane."

"Saboda me?"

"Kai za ka tambaya? Ka ci na gidansa ka faɗi. Ƙanwarka ta zo nan ta yi kuka. Ni ban yarda ba da farko, wallahi ban yarda ba. Sai muka ji ya kai maka kula har sau uku, kana mayar masa ko taɓawa ba ka yi ba. Muka ce to, mai ciwon ma ya san abin da ya sani."

Innalillahi. Na ji kamar an watsa min ruwan zafi a baya. Na ce, "Kawu, kunya ce! Da hagu nake ci! Kunyar hagu ce ta hana ni, ba komai ba!" Na faɗa da ƙarfi, har mai albasa na can ƙarshen layi ya juyo. Abin da na kulle wa ƙofa wata shida, ga shi na shanya a tsakiyar kasuwa, kuma ko gezau ƙasa ba ta yi ba.

Na miƙe ina jan ƙafa, na nufi rumfarsa. Yana can ciki bayan damin igiya, ya ba hanya baya, da kula a gabansa, yana ci shi kaɗai. Igiyar ma ya janye ta tas daga gaban rumfata. Ya rame. Na yi sallama, ya amsa bai ɗago ba.

Ban nemi izini ba. Na ɗauki butarsa na wanke hannu, na zauna a gabansa inda duk layin za su gan ni. Sakwara ce da miyar agushi. Na ce bismillah da ƙarfi, na sa hannun dama. Yatsu suka yanko, babban ya turo, na mulmula, na danna rami, na dangwala, na ɗaga. Ta kai. Ko ɗigo bai taɓa farar rigar ba. Na sake, ta kai. Ta uku ma haka. Kawu da sauran sun taso sun tsaya a bakin rumfa suna kallo.

"Ku gani," na ce musu. "Ga ni ina cin abincin gidan Rilwanu. Wanda ya ƙara faɗin wata magana, ni da shi ne." Na juyo gare shi. "Rilwanu, wallahi tallahi ban taɓa zarginka ba, ko na minti ɗaya. Hannuna ne. Ban so ka ga yadda nake ci ba."

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni. Ya dubi hannun, ya daɗe yana kallonsa.

"Allah ya ƙara sauƙi," in ji shi. "Hannu ya yi kyau."

"Ka yafe min."

"Malam Kalilu, wannan da kake ci ba na gidana ba ne. A wurin mai abinci na bakin tasha nake saya, in ce ta zuba min a kular gida don kada a gane." Ya goge yatsunsa a gefen kular. "Zuwairatu ta ji abin da ake faɗa, a wajen wani bikin suna ta ji shi, mata suka janye kwanukansu daga kusa da nata. Ranar ta dawo ta kifa turmi. Ta rantse ba za ta ƙara dafa abin da zai fita ƙofar gidanmu ba, kuma ba ta ƙara ba. Ita ce fa ta ce a rage maka gishiri."

Lomar ta huɗu tana hannuna, yatsun sun riƙe ta daram, yadda na yi sati uku ina roƙonsu. Na rasa inda zan kai ta.

"Zan zo gidan," na ce. "Zan durƙusa mata."

"Ba ta fitowa in an yi sallama yanzu."

Wata mata ta leƙo tana tambayar basilla. Ya miƙe, ya wanke hannu, ya tafi ya saurare ta, ya bar ni da kular a gaba.